In ka je ziyara Fas, ga yadda za ka leƙa unguwar Yahudawa

Mutanenmu na Aboabo da Asawase in sun je Fas ta ƙasar Maroko daga zawiyar Shehu Tijjani sai masauki, sai kasuwa a sayo jallabiya da carbi a juyo Kumasi, alhali ga tsohuwar unguwar Yahudawa can, Mellah, wadda rabin yini ya ishe ka ka zaga ta.

Ka yi sammako ka tare 'yar jar tasi ka ce fadar sarki za ka, a yankin Fas Jadid, kuma direba ya kunna mita tun kafin ka zauna, in ba haka ba kuɗin baƙo za ka biya. Unguwar a jikin fadar take. Tun 1438 sarakunan Banu Marin suka zaunar da Yahudawa nan, da aka koro na Andalus a 1492 suka zo suka ƙaru. Ni dai zangonmu ta tuna min wallahi, baƙi a gefen fada kamar mu da Manhyia, fadar sarkin Asante.

In ka shiga babban layin ka ɗaga kai sama, nan kallon yake. Gidajen tsohon gari duk ciki suke fuskanta, bango kawai kake gani, amma nan baranda ce ta katako da ƙarfe mai ado ta leƙo titi, wata an shanya kaya a kai, don yanzu Musulmi ne a gidajen, masu su sun tashi zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada bayan 1948.

Daga nan ka tambayi wurin ibadar Ibn Danan, ginin ƙarni na 17 ne, ka riƙe canjin dirhami na mai gadi. Kar ka tsaya iya zauren, akwai 'yar matsattsiyar matakala da ke gangarawa ƙasa inda suke wankan tsarki, ka sauka a hankali, sannan ka hau rufi ka hango maƙabartarsu, kaburbura farare tas. Cikinsu akwai na Lalla Solika, yarinyar Tanja da aka kashe a 1834.

Kar ka je ran Asabar, ranar hutunsu ce, za ka iya tarar da ƙofa a rufe. In Hajiya ta ba ka saƙon zinari, shagunan na wajen ƙofar Bab Semmarine, sana'ar da Yahudawan suka shahara da ita kenan, a auna a gabanka kafin a fara ciniki.