Birkin Tsohuwar Hilux da Land Cruiser: Kurakuran da Ake Yi Kafin a Gano Ainihin Ciwon

Da zarar birkin tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu ya fara nitsewa, maganar farko da za ka ji a gareji ita ce, "Alhaji, ai masta ce ta gaji." Sai a tura yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wata, a ɗaura, a cire iska, bayan mako guda birki ya koma gidan jiya. Masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu in an taka feda, takan lalace, babu musu. Amma a tsofaffin Hilux da Land Cruiser, irin samfurin 80 da aka ƙera tsakanin 1990 da 1997 da 'yan uwansa, ita ce aka fi ɗora wa laifin da ba nata ba. Ƙafarka za ta gaya maka gaskiya kafin ka kashe ko sisi.

Tayar da mota, ka taka birki ka riƙe, kada ka ƙara ƙarfi kada ka rage. Idan feda ta dinga sauka a hankali har ƙasa, kuma ka duba ƙafafu huɗu da bututai babu inda mai ke ɗiga, to a nan kam robobin cikin masta sun saki. Idan kuwa takun farko ya yi nisa, na biyu ya kama, abu uku ake zargi: iska a layi, ko lainin baya, wato takalmin birkin da ke matse ganga ta ciki, ya yi nesa da ita, ko boris ɗin ƙafar gaba ya yi lako-lako.

Na ukun nan shi ne aka fi mantawa da shi. Idan boris ya saki, faifan birki yakan yi lilo yayin tafiya, musamman a hanyar burji mai gargada, sai ya tura fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse faifan, ya koma baya. Ka zo taka birki, takun farko duk ya tafi wajen dawo da fistin mazauninsa. Alamarsa ita ce, a tsaye birki lafiya lau yake, sai an yi tafiya an sha kwana sannan ya nitse. Ɗaga ƙafar a jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, a ɗaure boris ko a canza shi, a bar masta ta huta. Na lainin baya kuma gwajinsa ya fi sauƙi, a motar da bayanta ganga ce: ja birkin hannu kaɗan, ka sake takawa. Feda ta hau sama? To saiti ne kawai ake buƙata.

Sai maganar mai. Mutane da yawa sun ɗauka man birki ba ya tsufa, in ya ragu a ƙara, shi ke nan. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin yakan faɗo zuwa wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 ne zuwa 155. A cikin gari ba za ka ga bambanci ba. Sai ranar da ka ɗauko kaya kana gangarowa daga Hawan Kibo ko daga Gembu, ƙafarka na kan birki, mai ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. In mota ta huce birkin ya dawo, sai direba ya ce ai ya gyaru da kansa. Bai gyaru ba. A zubar da tsohon mai gaba ɗaya duk shekara biyu, a zuba sabo daga galan ɗin da ba a taɓa buɗewa ba. A gangara kuma a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Saka mota a firi, ko kashe inji don tattalin mai, wasa ne da rayukan da ke ciki.

Abin da ya fi wannan muni shi ne zuba abin da ba man birki ba. Baƙin mai, man giya, man sitiyari, duk suna kumbura robobi su lalata su, daga masta har ƙafafu. Ruwan omo da wasu ke zubawa a daji don a lallaɓa a isa gari yana cin bututu da tsatsa daga ciki, kuma a digiri 100 ya tafasa. In hakan ta taɓa faruwa da motarka, ƙara mai mai kyau a kai ba ya wanke laifin: sai an wanke layi duka, in baƙin mai ne ya shiga kuma an canza duk wata roba. Kada kuma lamba ta ruɗe ka ka sayi DOT 5 don ka ga ya fi 4. Shi na silikon ne, ba ya gauraya da sauran.

Wajen cire iska ma akwai kurakurai biyu da nake gani kullum, suna kuma ɓata mini rai domin sauƙin kauce musu. Na farko, yaron gareji ya zauna yana dannan feda har ƙasa da iyakar ƙarfinsa. A tsohuwar masta, can ƙarshen ramin inda fistin bai saba zuwa ba, tsatsa da dauɗa sun taru. Ka tura roba can, ta yage, masta da ta zo lafiya ta koma matacciya. Sa guntun katako a ƙarƙashin feda ya tare ta. Na biyu, a bi ƙafafu huɗu a ce an gama, alhali akwai wuri na biyar.

Leƙa ƙarƙashin motar ta baya, jikin shasi, za ka ga wani ɗan bawul da bututan birki suka shiga cikinsa, da siririn ƙarfe dogo da ya taho daga gare shi zuwa aksil. Aikinsa auna nauyin kaya. In mota ta yi lodi ta zauna, sai ya buɗe wa ƙafafun baya ƙarfi sosai. In babu kaya sai ya rage, don kada baya ya kulle mota ta juya. Yana da nasa notin cire iska. Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta, a zo kusa, sannan a gama da shi. Wanda ya tsallake shi zai kwana yana cire iska feda na nan da laushinta.

Wannan bawul ɗin kuma shi ne ake cuta idan an ƙara ganyen sipirin ko an ɗaga mota, abin da masu jigilar kaya a hanyoyin ƙauye da masu shiga Sahara ta Agadas suka saba yi. Mota ta ɗagu, bawul ya ɗauka babu kaya ko da an cika ta maƙil, ya hana baya ƙarfi. Gaba kaɗai ke aiki, fad yana cinyewa da wuri, faifai yana zafi har ya canza launi. Gyaran shi ne a ɗaga maɗaurin ƙarfen nan daidai da yadda aka ɗaga motar. Wasu kuma cire bawul ɗin suke yi su haɗa bututu kai tsaye, sai ranar da aka yi ruwa, mota ba kaya, a taka birki baya ya wuce gaba.

Idan mota na fizga gefe guda in an taka birki, kada a tsaya ga canza fad. Cire taya ka duba. Ka ga bayan ganga ya jiƙe da mai mai wari, ƙura ta manne masa? Silin aksil ne ya fashe, man giya ya jiƙa lainin. A gaba kuma giris ne ke tsiyayowa daga ƙwallon sitiyari da ke ƙarshen aksil. Lainin da ya sha mai ya tashi daga aiki. Wanke shi da fetur ko gasa shi a wuta ba ya fitar da abin da ya shige ciki, da ya ɗau zafi zai sake tsattsafowa. A canza sili, a canza lainin ɓangare biyu tare. Sannan a duba ɗan hancin da aksil ke numfashi ta nan, a samansa. In laka ta toshe shi, iska mai zafi ba ta da mafita sai ta sili, sabon ma ba zai yi wata guda ba. Bayan an ratsa rafi da damina a buɗe ganga a wanke laka da ruwa, ba a hura ƙurar da iska ba, don tsofaffin lainin da na arha kan ƙunshi asbestos mai illa ga huhu.

Tiyon roba da ke zuwa kowace ƙafa yakan ruɓe ta ciki alhali wajensa sumul. Mai ya wuce, ya kasa dawowa, ƙafa ɗaya ta riƙe tana zafi. Ɗaga ƙafar, taka birki ka saki, in taya ta ƙi juyawa ka sassauta notin iska. Mai ya yi tsartuwa taya ta sake? Ba kalifa ba ce, tiyo ne ake fara zargi. Shi kuwa dandaƙe bututun ƙafar da ke yoyo da guduma a ci gaba da aiki da birki uku, wannan dabarar fita daga daji ce a hankali, ba gyara ba.

Saura feda mai tauri kamar dutse. Kashe inji, taka sau biyar ko shida har ta ƙage, riƙe ta, tayar da mota. Ya kamata ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, busta, wato na'urar da ke ƙara wa takunka ƙarfi, ba ta samun zuƙar iska. A mai fetur, duba tiyon da ya taho daga inji da ɗan bawul ɗin da ke kansa. A mai dizal, wani ƙaramin famfo ne ke wannan aikin, kuma a injin Hilux samfurin da ake kira 3L da 5L yana manne a bayan altaneta. Bel ya yi sako-sako ko ya tsinke, caji ya tafi, taimakon birki ma ya tafi da shi. Don haka in fitilar batir ta kama kana tafe da irin wannan motar, ka rage gudu tun kafin ka buƙaci birkin, ka nemi wuri ka tsaya ka buɗe bonet.