Kurakuran da samari ke yi in ana musun wace mota ta fi daɗin tuƙi

Duk majalisar da 'yan mota suka zauna sai an yi wannan musun, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne da lamba ake farawa. Wani zai ce ai wance doki 700 gare ta, wato ƙarfin injinta, shi kenan an gama magana. To ba a gama ba fa. Dodge Challenger Hellcat da ta fito 2015 doki 707 ne da ita, amma nauyinta ya kai wajen tan biyu, Mazda MX-5 kuwa da aka fara yi tun 1989 nauyinta bai wuce kilo 1,000 da ɗan wani abu ba, ƙarfinta ko kashi ɗaya cikin uku na Hellcat bai kai ba. A miƙaƙƙen titi Hellcat za ta bar ta da ƙura, wannan ba musu. Amma ka kai su hanya mai kwana-kwana ka ga wadda za ta bi sitiyari kamar tana jin maganarka. In za ka gwada, ka raba nauyin mota da dokinta, sannan ka tuna nauyin nan shi birki zai tsayar, shi kuma taya za ta juya a kwana.

Sai masu gwaji a miƙe kawai, a taka totur har ƙasa a dawo ana cewa wallahi motar nan tana tafiya. Ai injin kawai ka gwada malam. Daɗin tuƙi yana wajen shiga kwana ne: ka ɗan taka birki, ka juya, ka ji ko gabanta ya bi inda ka nuna ko kuwa ya wuce yana neman bakin titi, ka ji ko sitiyarin na gaya maka abin da taya ke takawa ko shiru kawai kamar kana wasan gem a waya. Kuma wannan ba sai da gudun ganganci ba, a gudun da doka ta yarda ma za ka ji bambancin in ka nutsu.

Akwai kuma maganar nan ta cewa mota mai jan gaba, wato wadda injinta ke juya tayoyin gaba, ba motar wasa ba ce. Golf GTI tun 1976 take jan gaba, Civic Type R ma haka, kuma ba wanda ya tuƙa su da gaske ya ce ba daɗi. Abin da ya bambanta shi ne halinsu in aka matsa musu. Mai jan gaba in ka cika wuta a tsakiyar kwana sai gabanta ya zame waje, gyaran shi ne ka ɗan saki totur a hankali ta dawo hanya. Mai jan baya irin BMW 3 Series bayanta ne zai wurgo, Porsche 911 kuwa da injinta ke can bayan tayoyin baya, tsofaffin musamman, in ka saki totur farat ɗaya cikin kwana za ta iya juyawa da kai. Saboda haka kar ka tuƙa su iri ɗaya sannan ka ce ɗaya ba ta da kyau.

Wanda ya fi damunmu a nan dai shi ne taya. Yawancin motocin da muke musu a kansu 'yan Beljiyom ne, wata ta shekara goma sha biyar, shok ɗinta ya mutu, bushin duk sun cinye, taya huɗu kamfani huɗu, iska kuma mai faci ne ya cika da ido. Mutum ya tuƙa irin wannan sau ɗaya sai ya yanke wa kamfanin gaba ɗaya hukunci, haba. Kafin ka haɗa mota biyu ka duba lambobi huɗun nan da ke jikin taya, in ka ga 2318 sati na 23 ne na shekarar 2018, ta tsufa ko da zanenta bai goge ba. Iska kuma bi takardar da ke liƙe jikin ƙofar direba, a auna da geji tun tayar tana da sanyi, a kai ta alaimen, sannan a zo a yi magana.

Kuma kar ka ɗauka faffaɗar taya da katon rim shi ne daɗi. Toyota 86 da Subaru BRZ da suka fito 2012 da gangan aka sa musu taya mai faɗin milimita 215 kacal irin wadda ake sa wa Prius, motar Toyota mai tsimin mai, don bayan ya riƙa zamewa kaɗan a ƙaramin gudu direba ya ji yana tuƙi. A titinmu ma taya mai gajeren gefe kan katon rim mai inci 19 rami ɗaya ya ishe ta.

Lokacin zagaye Nürburgring da ake ta kawowa hujja, filin tseren nan na Jamus mai tsawon kusan kilomita 21, ƙwararren direba ne ya yi shi da sabuwar taya, ba kai ba ne kuma ba hanyar Zariya ba ce. In dai za ka gwada mota biyu, hanya ɗaya, rana ɗaya, ka gyara kujera yadda wuyan hannunka zai kai saman sitiyari ba tare da bayanka ya bar kujera ba, ka kashe rediyo, ka je ka dawo da kowacce sau biyu.