Masu barin ƙwaya, ga ramukan da kuke ta faɗawa

Shekara biyar ke nan rabona da kodin da tiramol, kuma tunda unguwa ta san labarina sai iyaye suke ta turo min yara wai in yi musu magana. Ina yi. Amma wallahi na gaji, kamar a allo ɗaya aka rubuta musu, kowa sai ya bi ta inda na bi na karye.

Babban ramin shi ne gwaji. Yaro ya yi wata uku ko huɗu bai taɓa ba, kumatu sun dawo, yana tashi asuba, sai zuciya ta raɗa masa ai yanzu ka fi ƙarfinta, je ka majalisa ka zauna su gani. Ni ma haka na yi. Wata huɗu cif, ranar ɗaurin auren abokina, bayan la'asar aka zagaya bayan shagon da muka saba aka fito da kwalabe ana juyewa cikin lemo. Na ce ni na daina, aka bushe da dariya, wani ya ce a ba Ustaz wuri. Ba a kira magariba ba kwalba na hannuna. Kuma ga inda wautar take, daidai abin da na saba sha a da shi na sha, har na ɗora tiramol a kai, alhali jikin ya riga ya manta. Wannan ne abin da ba a gaya muku, in ka yi makonni ba ka sha ba juriyar jiki sauka take yi, adadin da a da ko gezau ba ka yi yanzu shi zai iya danne maka numfashi, balle in ka haɗa da giya ko roci, ƙwayar nan mai sa barci. Tiramol kuma in ya yi yawa jijjiga yake sawa irin ta farfaɗiya. A gadon asibiti na farka, ana ƙara min ruwa, na tauna harshena ya kumbura, Hajiyarmu na zaune a kan tabarma da carbi, ba ta ce min uffan ba. Da ma zagina ta yi.

To don Allah wa ya aike ka gwaji? Ka goge lambar dila, in ka haddace ta canja layi. Ni har hanyar masallaci na canja, na yarda in zagaya ta titi, saboda lungun da na saba bi ko warinsa na ji sai yawuna ya tsinke.

Na biyu, rantsuwa. Mutum ya ɗora hannu a Alƙur'ani gaban babansa ya ce har abada, bayan kwana goma ya zame, sai kunya ta sa ya ɓoye, ya ce ai tunda na karya shi ke nan, zamewar dare ɗaya ta koma wata shida. Kar ka yi wa kowa alkawarin har abada. Ka samu mutum ɗaya da za ka kira ko ƙarfe biyun dare ne ka ce masa na sha. Nawa kawuna ne, tela, ba ya wa'azi, sai dai ya ce taho ka riƙe min almakashi.

Masu shan roci ko diazepam kullum, ku kam kar ku yanke lokaci ɗaya a ɗaki don nuna jarumta, jijjiga tana iya kama mutum har ta kai ga rai. Likita ne zai riƙa rage maka a hankali. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Za a ce ka je asibitin mahaukata, to a ce mana. Iyaye kuma ku bar kai yara a sa musu mari, a 2019 an ga ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta cire sha'awa.

Musanya ma kuskure ne. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 nake jin masu cewa sun bar kwalba sun koma wiwi, wai ai ganye ne. Majalisa ɗaya ce, mutanen su ne dai.

Kar ka riƙa yawo da kuɗi da yawa a aljihu a watannin farko. Kar ka zauna da yunwa. Rashin barci zai dame ka, yana wucewa, kar ka nemi ƙwayar barci a kemis da kanka.

Sai lokacin nan tsakanin la'asar da isha, shi ya fi kayar da mutane don da shi ne lokacin caji. Sha'awar tana tasowa ne kamar hadari, ta yi duhu ta wuce, ni ba ta cika kai min rabin awa ba. In ta taso alwala nake yi da ruwan randa, in fita da sauri kamar wanda aka aika, in tsaya wurin mai shayi in sha mai citta da yawa. Har yau mai shayin nan ya ɗauka son shayi ne kawai yake kawo ni.