Yadda ake duba ƙashin babur da ya yi haɗari kafin a shiga tsere da shi

Babur ɗin da ya sha ƙasa yana da arha, shi ya sa samarin da ke son tsere suke rububinsa. A sauya masa fitila da madigadi, a fesa fenti, sai ka ga Boxer ko Jincheng ya fito fes kamar daga kwali. Amma ƙarfen da injin da tayoyi suke rataye a jikinsa, wanda makanikai ke kira shasi ko firam, ba ya warkewa da fenti. Ɗan kabu-kabu da ke tafiya a hankali tsakanin Mabera da Tsohuwar Kasuwa zai iya shekara da karkataccen shasi bai sani ba, sai dai ya ga tayarsa tana cinyewa ta gefe guda. Mai gudu ba ya samun wannan rangwamen.

Fara da tuɓe babur ɗin. Cire tanki, kujera, murafen gefe da fitilar gaba, ka wanke shasin da kananzir har baƙin mai da ƙurar da suka daskare su fita. Yi aikin da sassafe. Duk wanda ya san ranar Sakkwato ta watan Afrilu ya san ƙarfe ba ya taɓuwa bayan hantsi, kuma hasken safe da ke zuwa a karkace ya fi tona lanƙwasa.

Wuyan babur shi ne wurin da za ka daɗe. Nan ne bututun da kan babur ke juyawa a ciki ya haɗu da sauran shasi, kuma idan aka yi karo ta gaba, can ƙarfin bugun yake tarewa. Haska tocila a kan waldar da ta kewaye shi, sama da ƙasa. Fentin da ya ɓare ko ya yi ƙananan tsage-tsage kamar busasshen tabki alama ce cewa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya motsa. Siririn layin tsatsa a bakin walda ma haka. Shafa yatsa a bututun da ya gangaro daga wuya zuwa gaban injin; idan ka ji kumburi ko tamoji, ya taɓa naɗewa. Duba kuma ƴan ƙarafan nan biyu da ke tare kan babur kada ya juya ya bugi tanki. Idan ɗaya ya lotse, ko kai ya fi juyawa dama a kan hagu, an yi faɗuwa mai ƙarfi.

Na taɓa raka wani ƙanena duba wani babur da zai saya, muka tafi da wani dattijon makanike. Ni ban ga komai ba sai ƙyalli. Tsohon ya kankare fentin wuyan da bakin sukudireba, ya tofa yawu ya goge, ya ce, "Ɗana, wanga wuya an taɓa gasa shi." Waldar kamfani tana tafiya sumul, a jere kamar ɗinkin keke. Wannan kuwa tudu da kwari ce, ga ƙarfen gefenta ya yi shuɗi-shuɗi saboda wuta. Ƙanena ya ce, "Baba, ai an gyara." Tsohon bai ko tanka ba, ya mayar da sukudirebarsa aljihu.

Akwai tsagewar da ido ba ya gani, kuma akwai tsohuwar dabarar tona ta wadda maƙeran jirgin ƙasa suka yi amfani da ita fiye da shekara 100 da suka wuce. Shafa kananzir a wurin da kake zargi, ka bar shi ya jiƙa kamar minti 15, ka goge saman ya bushe ƙarau. Sai ka barbaɗa garin alli. Jira kaɗan, ka ɗan ƙwanƙwasa kusa da wurin da ƙaramar guduma. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai tsattsafo ya zana jiƙaƙƙen layi a kan farin allin. Sai ka kankare fenti kafin ka yi, in ba haka ba aikin banza ne. Gwada haka a wuya, da kunnuwan da ke riƙe injin, da inda shok ɗin baya ke ɗaurewa.

Daga nan sai igiya. Wannan gwajin ne na fi yarda da shi, domin ido yana son abin da zuciya ke so, igiya kuwa babu ruwanta. Tsayar da babur tsaye cak a kan daɓe sumul mai daidaito, wani ya riƙe maka. Tabbatar alamomin da ke jikin notin jan cen sun yi daidai hagu da dama, kada ka ɗora wa shasi laifin tayar da aka ɗaure a karkace. Kewaya doguwar igiya ta bayan tayar baya, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka jawo bakinta biyu zuwa gaba har su wuce tayar gaba. Matso da kowane gefe a hankali har ya taɓa gaban tayar baya ba tare da ya tanƙwara ba. Tayar gaba ta fi siranta, don haka za ka ga rata tsakaninta da igiya a kowane gefe. Daidaita kai, ka auna ratar a wuri huɗu: gaba da bayan tayar, hagu da dama. Ya kamata su zo ɗaya. Bambancin milimita 2 ko 3 yakan gyaru da notin cen. Idan ka juya noti har ka gaji ratar ta ƙi daidaituwa, wani abu ya karkace.

Kafin ka yanke wa shasi hukunci, wanke sauran waɗanda ake zargi. Zare sandunan shok na gaba ka mirgina su a kan gilashi. Lanƙwasasshe zai riƙa ɗingishi. Ɗaga gaban babur ka juya kai a hankali, idan yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. Kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko hannun da ke riƙe da ita yana wasa. Duk waɗannan ana sayen sabbi. Sannan ka tsuguna can baya ka hango tayoyin biyu: idan ta baya tana tsaye ta gaba ta jingina, wuyan ya murɗe.

Dabara ɗaya mai sauƙi: kwance kusoshin da ke riƙe injin ɗaya bayan ɗaya. A lafiyayyen shasi kusa tana zamewa ta fita, ta koma. Wadda sai da guduma take shiga tana gaya maka ramukan sun daina kallon juna. In kana da abokin da ke da irin babur ɗin lafiyayye, auna daga gatarin gaba, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, zuwa na baya a nasa da naka. Naka ya gajarce, to gaba ya turo ciki.

Ƴar lanƙwasa a jelar baya, inda kujera ke zama, ana iya miƙe ta. Tsagar wuya ko wuyan da aka gasa aka miƙe, ni dai ba zan hau shi in yi gudu ba, ko wane gwanin walda ya yi aikin. A nemi wani shasin, kuma a tuna lambar shasi tana cikin takardun babur, sai a karɓi rasit a gyara takardu kafin a haɗu da masu bincike a hanya.

Idan komai ya fita lafiya, ɗaura kayan, ka sa hular kwano, ka nemi fili a bayan gari, ba kan kwaltar da mutane ke bi ba. Tafi a miƙe a hankali a kan rairayi mai ɗan tauri, ka sassauta riƙon hannu ka ji ko yana ja gefe. Sauka ka dawo da ƙafa ka dubi sawun. Tayar baya ya kamata ta taka sawun ta gaba. In ka ga layi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, koma ka ɗauko igiyarka.