Yadda Ake Ƙetare Layin Dogo da Dabbar Hawa

Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, mutanen Jere da Rijana da ƙauyukan da ke kewaye suka fara zama da jirgin da bai yi kama da tsohon jirgin Kano zuwa Nguru ba, wanda ake jin nishinsa tun daga nesa. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma ko direba ya hango mahayi ya ja birki, sai jirgin ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Ga shi kuma ana shimfiɗa layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, inda jaki da raƙumi da amalanken shanu suke ko'ina.

Abu na farko shi ne a sauka. Ban yarda mutum ya hau kan layi yana bisa dabba ba, ko da doki ne da ya yi hawan salla goma. A sauka tun da sauran taku ashirin zuwa talatin, a tsaya a saurara, a duba dama da hagu, sannan a sake dubawa idan layin biyu ne, domin jirgin da ya wuce yana iya ɓoye wani mai zuwa. Wanda ya zauna a sirdi, idan dokin ya zabura, ƙafarsa na iya maƙalewa a likkafa, sai a ja shi a kan tsakuwa da ƙarfe, kuma daga nan ake samun fashewar kai da karayar ƙugu.

Matakin da na fi ganin yara da sababbin mahaya suna kuskurewa shi ne riƙon igiya. Sukan naɗe ragama ko akala a wuyan hannu, wai don kada dabbar ta kuɓuce. Na taɓa ganin yaro da jakinsa ɗauke da mangala, jakin ya taka tsakuwar layi, ya ji ƙarar jirgi, ya toge a tsakiya, yaron kuwa yana ta ja yana duka. Da ƙyar wani dattijo ya fizge shi, igiyar ta saluɓe masa fatar hannu, jakin kuma bai tsira ba. Jaki idan ya tsorata turjewa yake yi, doki kuma tutsu da gudu, kuma babu ɗayansu da bulala ke gyarawa a wannan lokaci. Saboda haka a riƙe igiyar a tafin hannu yadda za a iya sakinta nan take, mutum ya tsaya a gefen kafaɗar dabbar, ba a gabanta ba. Idan ta toge kuma jirgi ya bayyana, a sake ta a gudu. Na san kuɗin jaki a yau ba wasa ba ne, balle raƙumi, amma jinyar wanda aka yanke wa ƙafa ta fi su tsada. A yi nisa sosai, domin jikin jirgi ya fi layinsa faɗi, kuma a gudu ta ɓangaren da jirgin ke fitowa, ana nesanta da layin, saboda abin da ya buge gaba yake watsa shi.

A ƙetare a mashigar da aka tanada ko ta ƙarƙashin gada, ko da hakan zai ƙara tafiyar rabin awa, kuma a ratsa layin kai tsaye, ba a karkace ba, don kada kofato ko tayar amalanke ta faɗa ramin da ke gefen ƙarfen. Idan dabbobin suna da yawa, kada a ɗaure su a jere, a wuce da su ɗaya bayan ɗaya.

Idan hatsari ya auku, a janye mutum daga kan layi kawai idan yana cikin haɗarin wani jirgin, ana tallafe kansa da wuyansa. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ruwa, a kira lambar agajin gaggawa ta 112 ko a nemi mota zuwa asibiti, ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin zubar jini ta ciki ba ta bayyana da wuri.