Yadda Ake Layya Ta Inganta

Asalin layya godiya ce ga Allah da ya fanshi Annabi Isma'ila da rago a hannun Annabi Ibrahim. Ranarta 10 ga Zulhajji, da kwana biyu bayanta.

A kasuwar dabbobi, a Garwa ko Marwa da ke Kamaru, buɗe bakin ragon ka duba haƙora don ka gane shekarunsa, kada kitse ya ruɗe ka. A mazhabar Malikiyya rago sai ya cika shekara ɗaya, sa kuwa shekara 3. Mai ido ɗaya, gurgu, marar lafiya da ramamme ba sa isarwa.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne gaggawa. Wanda ya yanka kafin liman ya yanka nasa, nama kawai ya samu, sai ya sake. Kada ka sayar da fatar, kada ka biya mahauci da naman. Ka ci, ka ba maƙwabta da mabuƙata.