Yadda Za Ka Sayi Kyamarar Aiki Ba Tare Da Canji Ya Cinye Ka Ba

Kyamarar Sony A7 IV ta fito a 2021 kan dala 2,499. Lokacin da canjin gwamnati yake wajen naira 460, kuɗinta bai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, sai ita wannan kyamarar ta zarce miliyan uku da dubu ɗari bakwai, ba a ma zo maganar kwastan da ribar mai shago ba. Su ma kamfanonin suna ƙarawa: Fujifilm X100VI ta zo a 2024 kan dala 1,599, alhali yayarta X100V 1,399 ce.

Da farko, yi lissafinka da dala. Duba farashin a shafin kamfanin, ka tambayi 'yan canjin Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja nawa dala take yau, ka ninka. Abin da mai shago ya ɗora a kai shi ne wurin ciniki. Wasu dala na tashi su ƙara kuɗi, amma in ta sauka sai su ce tsohon kaya ne, da tsada suka saro.

Sai ka raba kuɗin gida biyu, kaso mai tsoka ya tafi wajen lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Ita kyamara duk bayan 'yan shekaru ake fito da sabuwa darajarta ta faɗi, shi kuwa lens mai kyau yana daɗewa da kuɗinsa. A ganina, mai ɗaukar biki da kamu ya nemi ta hannu, kamar A7 III ta 2018, amarya ba za ta gane bambanci ba.

A ta hannu ake shan ciki, don haka kada ka yi gaggawa. Sa a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Rage buɗin lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar hunturun da ta kwanta a sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo. Haska fitilar waya cikin lens ka nemi fumfuna, tana kama da saƙar gizo-gizo. Gwada ramin katin ajiyar hotuna duka biyun, ka bar bidiyo yana tafiya ka ga ko za ta yi zafi ta mutu.

In wani zai sayo maka daga Japan saboda yen ta yi arha, ka ja masa kunne: Sony da ake sayarwa don cikin gidansu yawanci Japananci kaɗai ke cikin saitinta, garantin ma bai wuce can ba.

Ranar biya, ku yanke farashi ku tura kuɗin a ranar. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta jimillar da naira a rasit, tare da lambar jikin kyamarar.